Kaka ta shigo, a shimfiɗa wa yara tabarma

 Waɗanda suka samu da yawa, Allah shi sa albarka. Waɗanda ruwa ya yi wa gardama, ko ambaliya ta yi musu ɓarna, Allah shi mayar musu da alheri.

Daga Gidan Rumji har Matamaye, duk hanyar da ka bi cikin watan nan na Oktoba abu guda za ka gani: amalanke ɗauke da dammunan hatsi, mata na roron wake, yara na gasa tumu a bakin gona. Rumbu ya fara cika, tiya ta sauko a kasuwa, ƴan lakkal sun koma aji da sabon kaye da bik. To ni yau maganar dare nike so mu yi. Me yaranmu ke yi tsakanin sallar isha'i da lokacin kwana, a watannin nan da ciki ya cika kuma aikin gona ya yi sauƙi?

A wani ƙauye kusa da Tasawa na tashi. Can, da an ɗaure damin ƙarshe, dandali ke buɗewa. Samari su yi kokawa a kan rairayi, ƴan mata su yi gaɗa, mu ƙanana mu yi langa har ƙafa ta gaji. Da rana mu tsinto kara mu ƙera mota, da tabarau, da rediyo mai eriya. In dare ya yi nisa aka kore mu gida, sai mu zagaye tsohuwa, ta ɗauko mana Gizo da Ƙoƙi, ko kura da ta sha wahala saboda kwaɗayi. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan karatu ne. Amma a nan muka koyi jera magana, da sauraron na gaba har shi gama, da gane cewa wayo in ya yi yawa mai shi yake ci.

Ku duba manyan abubuwan da muke alfahari da su a ƙasar nan, za ku tarar daga wannan dandali suka fito. Kokawar Takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ɗauka a karon farko, ai kokawar bayan girbi ce aka gina wa fili aka sa wa tuta. Wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon manya da kayan da suka haɗa da karan hatsi, ƙanin motar karanmu ne da ya girma. Su Yazi Dogo da suka sa ƙasa duka dariya a rediyo da telebijin, da gasar waƙa da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, duka ruwan rijiya guda ne. In rijiyar ta ƙafe, daga ina na gobe za su sha?

Yanzu ku leƙa unguwa bayan isha'i. Yara biyar sun haɗa kai a kan salula guda, suna kallon fim ɗin Indiya ko bidiyon TikTok. Samari na fada suna jiran shayi na uku. Tsohuwa kuwa tana zaune ita kaɗai a ƙofar ɗaki da tazbaharta, cikinta cike da labarai, ba mai tambaya. Ba ni zargin salula, ni ma da ita nike rubuta muku wannan. Abin da ke damuna shi ne, duk tsohuwar da muka kai makwanci ba mu ɗauki komi daga bakinta ba, ta tafi da abin da ba shi cikin kowane littafi. Kuma duk shekara muna kai su.

Ga kuma maganar littafi. A watan Maris na 2025, kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An yi murna, ni ma na yi. Tun 1973 kuma aka buɗe lakkal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Amma rannan na miƙa wa ɗiyar ƙanena, wadda ke aji shida, wata takarda da aka rubuta da Hausa. Yarinyar da ke karanta faransanci ba tuntuɓe, sai ga ta tana cijewa a kan ƙ da ɗ, ta ɗago kai ta ce: "Baba, wannan wane irin harafi ne mai ƙugiya?" Dariya muka yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Harshen da take mafarki da shi, ba ta taɓa ganin shi a rubuce ba sai a saƙon WhatsApp, inda kowa ke rubuta yadda ya ga dama.

Ko labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, da faransanci Abdullahi Mamani ya rubuta shi a 1980. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kai ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Duniya ta san ta. Ɗan Arewa da ke kwana kusa da Lugu kuwa, in bai yi lakkal mai nisa ba, littafin a rufe yake gare shi.

Shi ya sa nike kawo shawara, kuma ba sai an jira wani furoje ko tallafi daga waje ba. Kowace unguwa, ko kowane babban gida, a ware dare guda cikin mako, misali daren Asabar tunda ba lakkal washegari. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a rataye fitila mai caji. A gayyato tsohuwa ko tsoho guda ya ba da tatsuniya ko tarihin garin: wa ya kafa shi, me ya sa aka sa wa waccan rijiya sunanta, yaya aka yi da yunwar 1984. Saurayi guda daga fada shi ɗauki muryar a salularshi. Ɗan lakkal guda shi rubuta labarin a kaye, mushen unguwa shi gyara mishi haruffa. Mako mai zuwa, kafin a fara sabon labari, yaron shi tashi shi karanta na baya da ƙarfi a gaban wanda ya ba da shi. Sauran lokacin a bar wa ƙanana: kacici-kacici, karin magana, gasar wanda ya fi iya ƙera abu da kara.

Ku lissafa da ni. Daga yanzu zuwa ƙarshen Disamba akwai darare goma sha biyu ko kusa da haka. Labari goma sha biyu ke nan a rubuce, da muryoyinsu. A kai wurin mai fotokopi, an samu ɗan littafi na unguwa. Kuɗin kaye da bik da gyaɗar da za a raba wa yara, jika guda ta isa dare ɗaya, kuma mun san abin da fada ke kashewa a shayi da sukari cikin mako.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokaci ce, gara yaro shi riƙe allonshi. Ai ba a ce a taɓa lokacin allo ba. Dare guda ne, kuma mai ba da tatsuniya da bakinshi yake faɗa cewa ƙarya ce ya gilla, darasin ne gaskiya. Wata za ta ce zamani ya lalace, ba ta barin ɗiyarta fita da dare. Gaskiyarta. Don haka a yi a cikin gida, iyaye na zaune, a tashi da ƙarfe tara. Wani kuma zai ce wanda gonarshi ba ta yi ba, ina shi ina tatsuniya? Wannan ita ce mai nauyi, ba ni musu. Sai dai yaron da ke gidan da ba a samu ba, shi ma yana da haƙƙin dariya, kuma wannan abu ne da ba a biyan kuɗin shiga.

A birane aikin ya fi sauƙi. Maradi na da gidan matasa da raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, Tawa na da na Albarka Cibau, Damagaram na da na Abdussalam Adam, Yamai na da cibiyar al'adu ta Umaru Ganda. An gina su ne don mu. Ƙungiyoyin unguwanni na iya neman fili rana guda a ƙarshen kaka, kowace unguwa ta kawo labarinta mafi daɗi, yara su karanta, a baje motocin kara mutane su gani. Gidajen rediyon gari, waɗanda kullum ke neman shiri da harshen gida, ina zaton ba za su ƙi muryoyin da aka ɗauka ba.

Abin da ya sa nike gaggawa, kaka ba ta daɗewa. Nan da ƴan makonni samari za su fara ɗaure jaka: wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Agadas wajen zinariya. Sanyi zai shigo, tsofaffi su koma ɗaki kusa da wuta. Yanzu ne kowa ke gida, yanzu ne mai labari da mai salula da mai bik ke kwana ƙarƙashin rufi guda.

Mukan fitar da dami guda cikin goma na zakka, mu ware iri na baɗi kafin mu taɓa sauran. To mu ware wa yaranmu dare guda cikin bakwai. Wanda ke da tsohuwa a gida, shi je shi gaishe ta yau, shi tambaye ta wane labari za ta fara da shi ran Asabar.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi nuna mana kakar baɗi da rai.