Suyar Kayan Fulawa a Matsayin Sana'a: Tsarin Jamus da Al'adar Ƙasar Hausa

Suyar kwaɓin fulawa a cikin mai aiki ne da ake yi a kusan kowace ƙasa, amma matsayin da jama'a suke ba mai yin sa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Jamus suya reshe ne na sana'ar masu gidan burodi, ana koyar da ita a aji, ana yin jarrabawa a kanta, doka kuma ta san da zamanta. A ƙasar Hausa kuwa, inda ake soya alkaki da funkaso tun kafin burodi ya zama abincin kowa, suya ta zauna a hannun mata a cikin gida, gidan burodi kuma, wanda galibi maza ne ke aiki a cikinsa, ya tsaya ga gashi.

Matashin da ke son zama mai yin burodi a Jamus yakan shiga tsarin koyo mai ɓangare biyu, wato ya ƙulla yarjejeniya da wani gidan burodi inda zai yi aiki kwana uku ko huɗu a mako ana biyan sa, sauran kwanakin kuma ya tafi makarantar sana'a ya karanci lissafin awo da kimiyyar abinci da dokokin tsafta. Koyon yakan ɗauki shekara 3, kuma yana ƙarewa da jarrabawar da ke ƙarƙashin kulawar majalisar masu sana'o'in hannu ta yankin. Ko lokacin fara aiki ma doka ta tsara shi, domin wanda ya haura shekara 16 ana iya sa shi aiki daga ƙarfe 5 na asuba, wanda ya haura 17 kuma daga ƙarfe 4. Bisa dokar sana'o'in hannu ta 1953, buɗe gidan burodi yana bukatar shaidar Meister, wato matakin gwani mai ikon riƙe shago da horar da almajirai, kuma da aka sassauta dokar a 2004 aka cire wannan sharaɗi daga kan sana'o'i da yawa, ba a cire shi daga kan masu burodi ba, ko da yake an bar ƙofa ga wanda ya daɗe yana aikin.

Abin da ɗalibi zai fi soyawa a wannan horo shi ne Berliner, wani dunƙulen kwaɓi mai yis da madara da ƙwai da bota, wanda ake kira Krapfen a Bavariya da Ostiriya, kuma ake cinikinsa sosai a daren sabuwar shekara da kwanakin bikin Kanibal da ke gabatar azumin Kirista. Ana yanka kwaɓin a kan sikeli, kowane guda kimanin giram 50, a mulmula shi, a bar shi ya tashi, sannan a sa shi cikin man da zafinsa yake kusa da digiri 175 a ma'aunin Salshiyos. A ɓarin farko akan rufe kaskon domin tururi ya hana bayan kwaɓin bushewa ya ba shi damar ƙara kumbura, sai a buɗe a juya shi. Idan kwaɓin ya tashi yadda ya kamata, yakan yi sauƙi har ya riƙa yawo a saman mai, saboda haka tsakiyarsa ba ta taɓa man sosai, sai wani farin zobe ya fito ya kewaye shi tsakanin ɓangarori biyu masu launin zuma. Wannan zobe shi ne abin da malami yake fara dubawa, domin rashinsa yana nuna cewa kwaɓin bai gama tashi ba ko kuma ya yi nauyi. Bayan nan ne ake ɗura masa jam da wani bututu a barbaɗe shi da sukari, a lokacin biki kuma wasu sukan ɗura wa guda ɗaya mastad don tsokanar wanda ya faɗa masa.

A ƙasar Hausa ilimin yana tafiya ne daga uwa ko goggo ko uwar ɗaki zuwa yarinya, kuma ido da hannu su ne ma'auni. Ana auna fulawa da mudu ko gwangwani, ana gane kwaɓin fanke ya tashi idan ya ninka ya yi ƙofofi, ana kuma gwada zafin mai da ɗan gutsuren kwaɓi ko yankan albasa: idan ya nutse ya zauna, mai bai yi ba, idan ya taso nan take yana tsuwwa, to an iya zubawa. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ƙaramin sani. Alkaki, wanda ake yi da ɓarzajjiyar alkama a bar ta ta kwana ta yi tsami, a murza, a naɗe, a soya a hankali har cikinsa ya bushe kafin a tsoma shi a ruwan sukari ko zuma, yana bukatar ƙwarewar da ba ta gaza ta mai yin Berliner ba, kuma da yake yana cikin kayan garar amarya tare da dublan da cincin da nakiya, alƙalansa dangin miji ne, waɗanda ba a san su da sassauci ba. Matar da alkakinta ya yi suna a unguwa ba ta bukatar takarda, domin masu biki ne ke zuwa har gida da alkamarsu da kuɗin aiki.

Tsarin Jamus ma yana da nasa rauni. Gidajen burodi na hannu, waɗanda suka kai kimanin 55,000 a Jamus ta Yamma a shekarun 1950, yanzu ba su kai 10,000 ba a ƙasar baki ɗaya, matasa suna gudun aikin dare, kuma yawancin Berliner da ake sayarwa a manyan kantuna masana'anta ce ta soya su ta daskarar, a kanti narkar da su kawai ake yi. Sharaɗin Meister kuwa, in da za a ɗora shi a kan mai fanke ta bakin tasha ko bazawarar da ke riƙe marayu da cincin, da ya kashe sana'ar da ke ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa.

Inda tsarin Jamus ya yi fintinkau shi ne batun mai, domin a nan ne ido yake gazawa. Duk lokacin da aka ɗora mai a wuta, zafi da iska da danshin abinci suna farfasa shi, wasu gurɓatattun sinadarai suna taruwa a cikinsa tun kafin ya yi baƙi ko ya fara kumfa. Masu binciken abinci a Jamus suna ɗaukar man suya a matsayin lalatacce idan waɗannan sinadarai suka wuce kashi 24 cikin 100, kuma akwai wata 'yar na'urar hannu da ake tsomawa a kasko ta nuna adadin. Haka kuma tun da masana a Suwidin suka bayyana a 2002 cewa abinci mai sitaci yana haifar da akirilamaid, wani sinadari da ake kyautata zaton yana jawo ciwon daji, idan ya sha zafi da yawa, Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idojin rage shi waɗanda suka fara aiki a 2018, ɗalibi kuma yana koyon cewa launin zuma ya fi launin ƙasa mai duhu. Ana kuma koya masa cewa ba a zuba ruwa a kan man da ya kama da wuta, rufe shi ake yi. A ƙasar Hausa kuwa, mai suya a kan murhun itace ko gawayi ba ta da hanyar tsayar da zafi a wuri ɗaya, kuma tsadar man gyaɗa takan tilasta mata ta tace na jiya ta ƙara sabo a kai, alhali ƙarin sabon mai yana tsarma gurɓatar ne kawai, ba ya kawar da ita.

A 'yan shekarun nan makarantun koyon girki masu zaman kansu sun yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, wasu kuma suna koyarwa ta WhatsApp da Instagram, inda ake koyon donat da samosa da cincin na zamani ana kuma ba da takardar shaida. Waɗannan makarantu su ne suka fi dacewa su ɗauki abin da ke da amfani daga Jamus, wato awo da sikeli domin kwaɓin yau ya yi daidai da na gobe, da darasi a kan lalacewar mai da gobarar kasko, da kuma amfani da ma'aunin zafi, wanda kuɗinsa bai kai na jarkar mai ɗaya ba.