Dalar Yashi a Kwalin Malam

A Oyingbo na tashi, a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ake ƙarasa gadar Third Mainland a kan ruwan da ke bayan Ebute Metta. Mahaifina fataucin albasa yake yi daga Arewa. Ruwa na kewaye da mu, amma mu 'ya'yan Hausawa iyakarmu da shi kallo. Ƙaguwa da jatan lande da muke gani a kasuwa, a wurinmu abincin maƙwabta ne kawai.

Malaminmu na ilimin halittu a sakandare, wani Bayerabe mai haƙuri, shi ya sauya mana wannan. Yana da kwalin takalmi da ya shimfiɗa wa auduga, cike da busassun halittun da ya tsinto a gaɓar Bar Beach. A cikinsu har da dalar yashi, fara, faffaɗa, ba ta wuce murfin gwangwanin madara ba, gefenta na baya ya rarrabu yatsu-yatsu. Irin ta gaɓar Afirka ta Yamma ke nan, wadda masana ke kira Heliophora, ana samun ta tun daga Senegal har Angola. Shi da kansa yake wanke su da ruwan famfo, ya shanya a rana, ya shafa musu gam da aka tsarma da ruwa don kada su farfashe a hannun yara.

Ba ya fara darasi da rubutu a allo. Sai ya ɗora maka ita a tafin hannu ya ce, "Ƙirga." A bayanta akwai zanen fure mai ganye 5. Da gilashin ƙara girma sai ka ga ashe kowane ganye layuka ne na ƙananan huji, ta nan siraran ƙafafun da take numfashi da su ke leƙowa. Ka juya ta, ga baki a tsakiya, ga hanyoyin da abinci ke bi ya iso shi, ga mafitar kashi can baya. Wata rana ya fasa ɗaya da gangan, muƙamuƙai 5 suka zubo, waɗanda take niƙa abinci da su. Ya ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɓallin, ya shiga kumfa a hankali, domin sinadarin jikinta ɗaya ne da na ɓawon ƙwai. Ya ce idan tana da rai ba fara ba ce, gajerun ƙayoyi ne suka lulluɓe ta, da su take kutsawa cikin yashi. Daga nan ya haɗa mana zumuncinta da tauraron teku da bushiyar teku: duk gida ɗaya, duk tsarin biyar-biyar, babu mai ƙashin baya, babu mai ƙwaƙwalwa.

Da na kai wa Baba labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah! Wannan ma da rabonta take kwana." Washegari ya ba ni albasa cike da leda in kai wa Malam.

Yau Bar Beach babu ita, an cike wurin an kafa Eko Atlantic. Amma gaɓa ba ta ƙare ba, daga Lekki har Badagry, kuma cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana nan a Victoria Island tun 1975. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 su haddace sassan jikin dabba daga zanen littafi, alhali teku na nan kusa da su. Yaron da ya taɓa abu da hannunsa ba ya mantawa, ni shaida ne.

Malamai da shugabannin makarantun unguwanninmu, don Allah ku kai yaran nan bakin teku ko sau ɗaya a shekara. Ku tsinto fararen da suka riga suka mutu, masu rai kuma ku mayar da su ruwa.