Motar Gudu Da Kujerar Hajiya

A 'yan kwanakin nan samarin Zango sun sha tare mu a bakin masallaci da tambaya iri ɗaya: wai wace mota mai ƙarfi mutum zai saya da ɗan abin da ya tara, wadda za ta yi gudu, ta kuma ɗauki iyali? Mun ga ya fi kyau mu ba da labarin yadda muka sayi tamu a 1997, kowa ya tsinci abin da zai amfane shi.

Mu uku ne maza a gidanmu da ke Aboabo. Babbanmu yana sayar da yadi a babbar kasuwar Kumasi, na tsakiya malamin makaranta ne, ƙaraminmu kuwa tela. Shekara huɗu muna zuba adashi, wato susu, har muka haɗa sidi miliyan 9 na tsohon kuɗi. Yaran yanzu kada su ruɗe, wannan kafin a yanke sifili huɗu ne daga sidi a 2007. A cikin kuɗin nan akwai na awarwaron Hajiya mahaifiyarmu, wanda ta sayar ta ba mu ba tare da mun roƙa ba. Dalilinta shi ne gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, hawa tirotiro ya zame mata azaba, ga shi kuma yayanta ɗaya tilo da ya rage yana Tamale, ta shekara uku ba ta sa shi a ido ba.

Mu kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba gwiwar Hajiya ce a gaban zuciyarmu ba. Ƙuruciya na ɗibarmu. A zamanin nan 'yan boga, wato mutanenmu da suka je neman kuɗi Jamus, suna dawowa da motoci ta tashar jirgin ruwa ta Tema, irin waɗanda ake kira hom-yus a nan, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuma su ce tokumbo. Idan ɗaya ta wuce ta Alabar tana gurnani, sai hira ta tsaya. Muna son tamu ita ma ta tsayar da hira. Hujjar da muke kafawa a gida ita ce hanyar Ankara cike take da motocin katako, wanda ba shi da injin mai ƙarfi zai yini a bayansu daga Konongo har Nkawkaw yana shan hayaƙi. Hujjar gaskiya ce, amma ba ita ce ke hana mu barci ba.

Da muka shirya fita nema, sai Hajiya ta ce ba za a biya ko kwabo ba sai mutum biyu sun yarda: ita kanta, da wani tsohon fita na Magazin ɗin Suame wanda ya shekara ashirin yana gyara wa marigayi mahaifinmu lorin goro. Batone ne, amma Hausa a bakinsa kamar a Zango aka yanke masa cibiya. Baba Masta muke ce masa. Wanda bai san Magazin ba, unguwa ce guda ta maƙera da fitoci da masu kayan gyara, tana cikin mafiya girma irinta a Afirka, inda ake cewa idan an rasa ƙarfe a can to sai a haƙura.

Da muka gaya masa adadin kuɗinmu, bai tambayi irin motar da muke so ba. Alli ya ɗauka ya ja layi uku a jikin ƙofar shagonsa.

Ya ce, "'Ya'yana, miliyan 9 kuke da shi a aljihu, amma miliyan 6 kuke da shi na mota. Biyu na gyara ne, domin babu tsohuwar motar da ke zuwa ba ta da ciwo. Ɗaya na takardu da inshora da taya. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a ciniki, ya sayi akurkin kaji ne mai gilashi."

Ba mu ji daɗin maganar ba, amma muka yi shiru, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Mota ta farko da ta ɗauke mana hankali ita ce Mercedes 190E 2.3-16. Kowane yaro mai son mota ya san labarinta: kamfanin Cosworth na Ingila ne ya yi kan injinta, ƙarfinta doki 185, kuma da irinta Ayrton Senna ya ci tseren buɗe sabon filin Nürburgring a Jamus a 1984, tun duniya ba ta gama saninsa ba. Ƙofa huɗu gare ta, muka ce shi ke nan, Hajiya ta samu. Da muka leƙa baya sai muka ga an raba kujerar gida biyu, mutum biyu kacal take ɗauka. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa, da siket na roba kewaye da ita, wanda hanyar ƙofar gidanmu za ta cire shi kafin sati. Da mai ita ya faɗi kuɗi kuwa, sai muka yi masa sallama cikin mutunci.

Ta biyu BMW 325i ce, mai silinda shida, doki 170. Sautin injinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya manta bashin da ke kansa. Baba Masta ya yaba ta, ya ce ƙarfe ne na gaske, sai dai a kiyaye canza mata bel ɗin injin a kan lokaci. Amma babbanmu dogo ne, da ya gyara kujerar direba daidai ƙafarsa, sai aka ga wurin da ya rage a baya bai isa mai ciwon gwiwa ta miƙe ƙafa ba. Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Muka dubi juna, kowa ya san amsar, babu mai son ya fara faɗa.

Ta uku ita ce ta kusa kai mu ƙasa. Ba za mu faɗi irinta ba, ba kuma za mu faɗi mai ita ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ja ce wur, ƙofa biyu, fenti na walƙiya, mita na nuna tafiya kaɗan, kuɗinta kuma ya yi araha har ya ba mu mamaki. Dillalin ya ce wata tsohuwa ce a Turai ke zuwa kasuwa da ita. Ƙaraminmu ya rantse ba zai kwana ba sai da makullinta, har ya ba da kafin alƙalami daga aljihunsa ba da saninmu ba. Game da ƙofa biyu kuwa, sai muka ce ai kujerar gaba na kwantawa, Hajiya za ta saba.

Washegari da asuba Baba Masta ya ce a kai shi, tun ba a tayar da ita ba. Ya ce mota kamar mutum take, da safe ake sanin lafiyarta, mai sayarwa kuwa ya fi son ka zo bayan ya ɗumama ta. Ya buɗe murfin baƙin mai, ya nuna mana wani farin kumfa kamar kindirmo, ya ce ruwa na haɗuwa da mai ke nan, kan injin ya taɓa ƙonewa. Ya fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikinta da shi, a wurare da dama ya ƙi kamawa, wato ƙasan fentin nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne. Ya kwanta a ƙasa ya ƙwanƙwasa gindinta, tsatsa ta zubo masa a fuska, ya ce aikin gishirin da Turawa ke zuba wa hanyoyinsu ne lokacin ƙanƙara. Daga ƙarshe ya nuna robar birki da ta kuloci, sun cinye sumul.

Ya ce, "Mita ana juya ta da hannu, amma ba a juya tafin ƙafa. Tsohuwar nan taku ta Turai, da alama direban tasi ce."

Kafin alƙalamin nan bai dawo ba har yau. Ƙaraminmu ya yi sati ba ya cin tuwo tare da mu.

Bayan wata biyu sai Baba Masta da kansa ya aiko yaronsa ya kira mu. Wani boga ya kawo Peugeot 505 GTI ƙirar 1986, ruwan toka, ba ta da wani kwalliya. Ranmu ya ɗan sosu, domin a idonmu Peugeot motar tasha ce, irin wadda ake cusa wa fasinja da buhunan albasa. Tsohon ya yi dariya. Ya tuna mana cewa yayarta, wato 504, ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ta kuma ci na Bandama a nan maƙwabciyarmu Kwaddebuwa, tseren da a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshensa ba saboda tsananin hanya. Ya ce ƙafafun gidan nan an gwada su a kan gargada irin tamu. Ita wannan GTI injinta lita 2.2 ne, kimanin doki 130. Ba ta kai waɗancan biyu ba, amma ta isa ta wuce motar katako a kan tudu ba tare da direba ya riƙe numfashi ba.

Bai ɓoye mana aibinta ba. Ya ce kayan ƙafa da gilashi da fitila duk ana samunsu a Magazin, ko a Abossey Okai a Ankara, tun da 505 ta cika ƙasa, har a Kaduna ana haɗa ta. Amma injinta ba irin na motocin tasha ba ne, injekta gare ta maimakon kafireto, kuma ba kowane yaro mai sufana ya san kanta ba. Ya sa muka yi alkawari babu mai taɓa ta sai shi, ba kuma za mu zuba mata man kwalba na bakin hanya ba.

Sannan aka zo babbar jarrabawa. Aka kawo motar ƙofar gida bayan la'asar, yara sun kewaye ta. Hajiya ta fito da sandarta, aka buɗe mata ƙofar baya. Ta zauna, ta jawo ƙafa ɗaya, ta jawo ta biyu, babu wanda ya tallafe ta. Ta miƙe gwiwa, ta jingina, ta sa aka kira matan gidan biyu su zauna gefenta, duk suka samu wuri. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta dubi babbanmu, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai wannan, je ka biya mutane kuɗinsu."

Mun biya miliyan 6 da ɗan kai. Miliyan biyun gyara kuwa, kafin wata uku bel ɗin injin da shokozoba da lagireto sun lashe fiye da rabinsa. Da mun bi son zuciyarmu mun zuba komai a ciniki, da motar ta zama wurin shanya kayan wanki. Mun kuma yi sa'ar lokaci, domin a 1998 gwamnati ta hana shigo da motar da ta haura shekara 10, sai a 2002 aka mayar da hanin ya zama tara.

Tafiyarmu ta farko Tamale ce. Muka bi ta Techiman, muka sha ruwa a Kintampo, muka haye gadar Buipe da ta Yapei. A nan muka gane cewa motar tana da birki na biyu wanda kamfani bai saka ba. Duk sanda allura ta doshi 100, sai a ji carbin Hajiya ya tsaya, ta yi gyaran murya sau ɗaya. Direba ya ɗaga ƙafa, carbi ya ci gaba. Haka muka isa. Da ta rungume yayanta suna kuka, babu ɗayanmu da ya tuna doki nawa ne a cikin injin. Kawun namu bai ƙara shekara ba bayan wannan ziyara.

Shekara 12 motar nan ta yi a hannunmu. Kujerar bayanta ta ɗauko amare biyu, ta dawo da jarirai biyar daga asibiti. Sau ɗaya tak muka taka ta iyakar ƙarfinta, a wani dare na 2004, muna dawowa daga ta'aziyya a Ejura, numfashin Hajiya ya sarƙe a hanya. Muka gangaro tudun Mampong, muka shigo Kumasi, ba mu tsaya ba sai asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Ji. Tana kwance a baya, kanta a cinyar ƙaraminmu, wannan da ya so mai ƙofa biyu. A daren nan babu wanda ya yi gyaran murya. Allah ya ƙara mata shekara biyar a tare da mu, kafin ya karɓi abarsa.

To samari, ga abin da za mu ce muku. Motocin yau ba irin namu ba ne, kwamfuta ta shiga cikinsu, kuma da yawa daga waɗanda ake kawowa daga Amurka sun yi haɗari ne a can aka gyara su. Saboda haka ku duba tarihin mota da lambar jikinta a intanet kafin ku biya, ku tabbatar an biya kuɗin kwastan, a kuma mayar da takardu sunanku a ofishin DVLA. Ku tuna kuma dokar hanya ta 2012 ta tsayar da gudu a kilomita 50 cikin gari, 90 a babbar hanya, ko da doki nawa kuka saya. Amma layukan allin Baba Masta ba su tsufa ba. Ku raba kuɗinku uku. Ku je da fitanku da asuba. Kafin ku zauna a bayan sitiyari kuma, ku ɗauko wanda ya fi kowa rauni a gidanku ku buɗe masa ƙofar baya, ku tsaya ku ga yadda zai shiga.

Allah ya jiƙan Hajiya da Baba, ya saka wa Baba Masta da alheri, ya kiyaye mu sharrin ƙarfe. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.