Birnin Wahaka Na Ƙasar Meziko: Ina Baƙo Zai Ci Abinci?

A kudancin ƙasar Meziko, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, akwai birnin da ake rubuta sunansa Oaxaca, amma mutanensa Wahaka suke furtawa. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,550 sama da teku, saboda haka komai zafin rana, da almuru sai mutum ya nemi mayafi. Cikin 1987 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya, amma baƙi da yawa tukunya ce ke kai su can.

Masara ita ce uwar abincinsu. A wani kogo kusa da garin Mitla an tono totuwarta wadda ta haura shekara 6,000. Sukan dafa ƙwayarta da ruwan farar ƙasa, su niƙa, su faɗaɗa ƙullun kamar gurasa, sa'an nan su gasa a kaskon yumɓu. Wannan ita ce tortiya, kuma ba a zaman cin abinci babu ita.

Wanda yunwa ta kama, sai ya bar dandalin tsakiyar gari ya nufi kudu. Tafiya kaɗan zai tarad da kasuwanni biyu maƙwabtan juna. Ta farko ita ce kasuwar Benito Juárez, wadda ta ci sunan ɗan jihar da ya shugabanci Meziko. A bakin ƙofofinta mata ke zaune da kwanduna cike da fara, an soya ta da gishiri da barkono da lemun tsami. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan. Haka kuma in ya ga jan abin sha cikin manyan tuluna na gilashi, zoɓo ne, wanda suke kira hamaika, kuma Meziko na daga cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Kusa da shi akwai ruwan tsamiya.

Ta biyu, watau kasuwar 20 de Noviembre, ita ce ta masu dafuwa. A cikinta akwai wani layi da ake kira Lungun Hayaƙi, inda mahauta suka jeru dama da hagu. Mutum zai zaɓi nama a auna masa, a gasa a kan gawayi yana kallo, a kawo masa cikin faifai, ya sayi albasa da barkono da tortiya dabam.

To, a nan ne fa Musulmi zai buɗe ido. Nama iri uku ake sayarwa. Tasajo naman sa ne, an yanyana shi falle-falle kamar za a yi kilishi. Amma jan nan mai yaji da ake kira cecina, da chorizo da ake ɗurawa cikin hanji, duka na alade ne, kuma sau da yawa bisa waya ɗaya ake gasa su. Har ila yau, kitsen alade yana shiga inda ba a zato. Tlayuda, babbar tortiya mai faɗin faifai da ake sa wa wake da cuku da kabeji, akan fara shafa mata kitsen ne tukuna. Wake ma da shi akan soya, haka nan mole, baƙar miyar nan mai kauri da garin ya yi suna da ita, wadda ake haɗawa da barkono iri-iri da riɗi da gyaɗa da cakulan. Matambayi ba ya ɓata. Kalmomin da za a riƙe su ne manteca da asiento, duka kitsen alade, kuma in an ce "sin manteca" ana nufin ban da shi. Wanda yanka ya dama, sai ya tsaya ga kifi da ƙwai da cuku da gasasshiyar masara. Mezcal kuwa, da akan miƙa wa baƙo don karramawa, giya ce.

Ran Lahadi kasuwa ke ci a Tlacolula, kimanin kilomita 30 gabas da birnin. Mutanen ƙauyukan Zapotec kan sauko da kayansu, ana sayar da naman akuya da aka turara har ya yi laushi, da tejate, wani abin sha na masara da koko mai kumfa da ake sha a ƙoƙo, kamar fura.

Lokacin cin abincinsu ma abin lura ne. Babban abincin yini tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana ake cinsa, kuma a sa'an nan ƙananan gidajen abinci ke ba da miya da shinkafa da nama da abin sha a kuɗi guda mai sauƙi. Baƙo ya riƙe canjin peso a aljihu, ya guji ruwan famfo, ya zauna inda ya ga 'yan gari sun yi layi.