Ƙararrawar ƙofa a gidajen Dakoro: wa zai ji, wa zai amsa?



Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda ake neman mutum a gidansa. Ka tsaya a zaure ka yi sallama. In ba a ji ba, ka kira yaron da ke wasa a ƙofa ka ce ya shiga ya ce ana sallama da maigida. Yaro ya ruga, ya dawo ya ce "wai yana zuwa", ko ya ce "wai ya ce ba ya nan", kowa ya yi dariya. Haka muka taso, kuma tsarin yana aiki, don akwai zaure, akwai yara. To yanzu ku duba sababbin unguwanni. Ba zaure, sai katangar bulo da ƙyauren ƙarfe, ɗakuna can ƙuryar fili. Yaran kuma da safe suna lakkol, da marece suna makarantar allo. Sallamar ba ta isa ciki. Shi ya sa kusan kowane ƙyaure za ka ga wuri guda inda fenti ya goge: nan ne ake bugawa da dutse ko da makullin babur, har maƙwabta uku su leƙo kafin mai gidan ya ji.

Wannan ne ya sa wasunmu suka fara saka ƙararrawa marar waya, wadda masu faransanci ke ce wa sonet. In mun ce marar waya, wayar wuta muke nufi, ba ta kira ba. Abu biyu ne a kwali: ɗan madanni da ake mannawa a ƙofa, da ɗan akwati da ake ajewa cikin gida. In an danna, madannin ya aika saƙo ta iska kamar yadda tashar rediyo ke aikawa, akwatin ya kama ya yi ƙara. Mafi yawansu a kan mita 433 MHz suke aiki, za ku gan shi rubuce a bayan kwalin. Ba fasa bango, ba jan waya, ba kiran mai gyaran wuta. Sai dai waɗanda suka ƙera ta ba gidanmu suka duba ba, kuma daga nan matsalolin ke farowa.

Mu fara da kuran, don shi ne ke kashe yawancinsu. Akwatin iri biyu ne: wanda ake jonawa a soket, da mai aiki da batir. Mai sayarwa zai fi nuna maka na soket, ya ce ba ruwanka da sayen batir. Gaskiya ne, amma in kuran ta tafi, ƙararrawarka ta tafi tare da ita, kuma baƙo a waje ba shi da labari. Zai danna, ya jira, ya sake dannawa, ya tafi yana cewa an ji shi an ƙi fitowa. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a 2024. Ko ba wannan ba, kowa ya san yadda kuran ke yi a watan Afrilu da Mayu in zafi ya kai maƙura. Mu dai a ganinmu, a Dakoro mai batir ya fi, sai fa gidan da ke da sola da batirin da ke kwana da wuta.

In kuwa na soket ɗin ka zaɓa, ka duba ƙafafunsa. Kayan da ke zuwa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano sau da yawa ƙafa uku masu faɗi gare su, irin na Ingila, mu kuwa soket ɗinmu na ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Sai an sa adafta, adaftan kuma ya riƙa saki. Wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kuma a karanta jikinsa tukuna: in 110 kaɗai aka rubuta, wutarmu 220 ce, jonawa ɗaya zai ƙone.

Shi ma madannin batir gare shi, kuma nan ne mutane da yawa ba su tambaya. Wasu suna cin wani ɗan gajeren batir mai suna 23A, mai ƙarfin 12, wanda ba kowane mai tebur ke da shi ba. Wasu kuma suna cin mai faɗi kamar kwabo, CR2032, irin na makullin mota da na'urar awon suga, shi ya fi sauƙin samu wajen masu gyaran agogo da salula. Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka ka gani, ka tambayi kanka a ina za ka samu wani. Maraɗi kusan kilomita 120 ce daga nan, ba wanda zai shiga mota don batir guda. Abin da ke faruwa shi ne batir ya ƙare, a ce sai an samu mai zuwa Maraɗi, wata ya wuce, a koma dutse. Akwai kuma irin da madanninsa ba batir sam: ƙarfin yatsan da ka danna shi ne ke haifar da ƴar wutar da za ta aika saƙon. Ya fi tsada, dannawarsa da ɗan tauri, amma wanda ya same shi ya huta. Batirin akwatin kuma, a guji masu arhar nan da ke zubar da ruwa in sun sha zafi, suna cinye ƙarfen ciki.

Sai batun nisa. A kwali za ka ga an rubuta mita 100, wani 300. Wannan a fili ne fetal, ba bango ba itace. Gidanmu kuwa akwai katangar ƙasa mai kauri, akwai bulo, akwai rufin kwano, kowanne yana rage wa saƙon ƙarfi. Babban abokin gabansa shi ne ƙarfe. Wanda ya manna madanni a jikin ƙyauren ƙarfe, ya kashe rabin tafiyar saƙon tun daga ƙofa. A sa shi a bango gefen ƙyaure, in kuma dole sai a ƙyauren, a sa ɗan katako tsakani. Kuma kada gwajin kanti ya ruɗe ka. A kanti madanni na hannun dama, akwati na hannun hagu, dole ya yi ƙara. Ku yi da mai kaya cewa za ka gwada a gida. Ka rufe ƙyaure, ka kai akwatin ɗakin da ya fi nisa, a kunna rediyo, in ana daka a ci gaba da daka, sannan ka sa yaro ya danna. In an ji, ka saya.

Ƙura da ruwa kuma, a duba haruffan IP da lamba biyu a bayansu. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 ya jure yayyafi amma ƙurar hunturu za ta shige shi. A garin da hazo ke rufe rana, wanda ya fara da 5 ko 6 ya fi dacewa. Rana ma tana gasa robar har ta tsage, don haka in da inuwa a gefen ƙofa, nan ne wurinsa. Ɗan gam ɗin da ke zuwa a bayansa ba ya kai damina, a ɗaure da kusoshi.

Wani abin dariya da ke faruwa: maƙwabta biyu su sayi iri ɗaya wurin mutum ɗaya, a danna gidan Malam, gidan Alhaji ya amsa. Tsofaffin samfuri ne masu lamba guda ke haka. Sababbin ana haɗa kowane madanni da akwatinsa, ka riƙe maɓallin jikin akwatin har fitila ta fara ƙiftawa, ka danna na ƙofa, shike nan sun san juna.

Duk wannan na ƙarfe da roba ne. Abin da ya fi ɗaukar mana hankali shi ne abin da ke biyo bayan ƙarar. Da, yaron da aka aiko ya kan zo da bayani: namiji ne ko mace, da wa ake sallama, baƙo ne ko ɗan gari. Ƙararrawa ba ta faɗin ko ɗaya. Ta yi ƙara, maigida na kasuwa, wa zai fita? A gidan da mata ba sa fita ƙofa, in ba a zauna an tsara ba, abin zai zama rigima ko kuma a riƙa jin ƙara ana kallon juna. Wasu gidajen sun samu dabara: madanni biyu, kowanne da sautinsa, ɗaya na masu neman maigida, ɗaya na mata da yara masu zuwa sayen ƙanƙara, ƙuli-ƙuli ko fura. Gidan haya ma haka, kowane ɗaki da sautinsa. A gidan mata biyu kuwa, shawararmu kyauta ce: kada a kafe akwatin a ɗakin mutum guda. Ko a sa a tsakar gida, ko ya riƙa bin girki. Mai batir ai ɗauka ake.

Kuma baƙo ya san cewa dannawa ba izini ba ce. Abin da aka karantar da mu a Suratun Nur na neman izini da yin sallama kafin shiga gidan wani yana nan, haka hadisin neman izini sau uku, in ba a amsa ba a juya. Mun ga masu ɗora yatsa su ƙi ɗagawa, kamar mai odar babur a tasha. Ka danna, ka ba da lokacin da mutum zai sa riga ya ratso fili. In an buɗe, ka yi sallama da bakinka. Akwai ƙararrawar da ita kanta ke furta sallama da muryar na'ura, wasu na sonta, mu dai ba ta kwanta mana ba: sallamar da ba mutum ya yi ba, wa za a mayar wa? Sautukan da ke ciki sukan kai talatin ko fiye, har da waƙoƙin Kirsimeti da na zagayowar ranar haihuwa. A zaɓi gajere mai bugu biyu, wanda ba zai yi kama da kiran salula ba.

Yara za su danna su gudu, wannan babu makawa. Wasu sai su kai madannin can sama inda sai dogo. To amma wa ka hana? Ka hana yaron da aka aiko da gaske, ka hana tsohuwa, ka hana mai keken guragu. A bar shi daidai ƙirji. Mako guda za su yi su gaji.

Inda muka ga amfaninta ƙarara shi ne wajen masu sana'a a jikin gida. Mai butik ya shiga cin tuwo ko alwala, mai saye ya tsaya minti biyu ya wuce gaba, cinikin ya tafi. Tela, mai cajin salula, mai injin niƙa da ba ya jin komai in inji na aiki: shi ya nemi mai fitila da ke walƙiya tare da ƙarar, wadda kuma ke taimakon mai larurar ji. Dillalan dabbobi da ke saukar da baƙi daga Bermo da Gadabeji daren kasuwa, su ma sun san wahalar bugun ƙofa ƙarfe biyun dare. Akwai wata irin da ake sawa bakin kanti, ba a dannawa, da ta ji motsin mai ɗumin jiki sai ta yi ƙara. A garin da akuya ke shiga kanti ba sallama, kafin azahar za ka cire mata batir.

Sai wanda ba a rubuta a kwali ba. Gidan da ke da tsoho ko marar lafiya a kwance, a aje madannin kusa da matashinsa, akwatin a ɗakin mai jinya. Muryar da ba ta iya ratsa tsakar gida da dare, yatsa ya isar. Haka mai sayar da magani da ungozoma, waɗanda ake nema a lokacin da minti goma ke da tsada.

Game da dare, akwai abin da ya kamata a auna. Bugun ƙyaure da muke kuka da shi yana tada maƙwabta, kuma a irin wannan zamani da mutane ke ɗari-ɗari da baƙon dare, tashin maƙwabci kariya ce. Ƙararrawa kuwa cikin ɗaki take kuka, kai kaɗai ka ji, kai kaɗai za ka fita. Don haka "wane ne?" daga bayan ƙyaure tana nan daram, a ji murya, a ji suna, sannan a zare sakata.

Wasu samari za su ce a sayi mai kyamara mana, a ga mutum a salula tun kafin a tashi. Akwai su, mafi shahara ita ce Ring, wadda kamfanin Amazon ya saya a 2018. Amma tana son intanet na gida da ba ya yankewa, ga caji, ga kuɗin wata-wata in ana son aje hotuna. Sannan kyamarar ba baƙonka kaɗai take ɗauka ba, har ƙofar maƙwabci da matan da ke wucewa zuwa famfo, hotunan kuma suna tafiya su zauna a na'urorin kamfani a wata ƙasa. Mai babban shago ko ɗakin ajiyar kaya yana da hujja. Shi ma kafin ya kafa, ya je ya yi sallama da na ƙetaren layi ya faɗa masa inda idon zai kalla.