Puno, Ƙasar Da Sanyi Ke Ƙone Shuka

Garin Puno yana bakin tafkin Titikaka ne, a kudancin ƙasar Peru, bisa wani tudu mai tsayin mita 3,800 daga teku, watau kusan ninki uku na tudun Jos. Wannan yanki shi ne asalin dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu.

Babu abin da manomin Puno ke tsoro kamar dare mai taurari. In sama ta washe, iska ta kwanta, sai zafin da ƙasa ta sha da rana ya tsere, ruwan da ke cikin ganye ya daskare ya farfasa shi. Gari na wayewa sai a tarar gona ta yi baƙi ƙirin kamar an bi ta da wuta. Digiri 2 ko 3 ƙasa da sifiri ya isa ya halaka abincin shekara, ko da kuwa tsakiyar damina ce.

Amma mutanen wurin, Aimara da Kecuwa, ba su naɗe hannu ba. Tun zamanin kakanni suke tada manyan kunyoyi, su haƙa magudanu a tsakani. Ruwan magudanun ya sha rana ya yi ɗumi, da dare kuma ya tausasa sanyin. An daɗe da barin wannan dabara, sai cikin shekarun 1980 aka farfaɗo da ita a ƙauyen Huwata.

Har wa yau sukan raba iri. A fili mai yawan jaura sai su shuka wani dankali mai ɗaci, wanda ke jure sanyin da ɗan'uwansa ba ya iyawa. Ɗacin nan kuwa sanyin ne dai ke taimakawa a raba shi da shi. Cikin Yuni da Yuli akan baza dankalin a fili ya kwana ya daskare, a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar. Sunansa cunyo, yakan shekara da shekaru a rumbu bai lalace ba.

Saboda haka, ran da sanyi ya cinye gonar bana, abin da sanyin bara ya busar shi ke riƙe gida.