Baƙin kaji a bakin ɗari

Lahadi

Kasuwar Filinge ta ci yau, na dawo da kaji huɗu. Uku ba su taɓa ƙwai ba: wata ja mai tsayin ƙafa, wata wake-wake, da wata durgu da take tafiya ƙirjinta na sharar ƙasa. Ta huɗun fingi ce, gashinta duk a murɗe, ta girme su. Tun asuba suke ɗaure da igiyar kaba, kai a ƙasa, har wurin ɗaurin ya yi shati. Da ban saye su ba, da yanzu suna saman mota cikin keji, an bi da su ta Baleyara zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 180, domin can ne mafi yawan kajin wannan kasuwa suke ƙarewa.

Gwaggo na ganina ta ajiye faifai. "Ɗiyata, mi za ki yi da kaji a bakin ɗari? Kowa na saidawa, ke kina saye?" Tambayarta tana kan hanya. A ƙasarmu ta Kurfai duk macen da ta san kiwo takan rage kajinta bayan kaka, kafin iskar hunturu ta zo da ciwon da ke share akurki. Shi ya sa suka yi araha. Ni kuma niyyata in ga ko za a iya ƙetare ɗarin nan da su a raye.

Na kwance su a tsohon akurkin da ke bayan rumbu, nesa da kajin Gwaggo, na kewaye wurin da zana. Mako biyu za su yi a ware. Kazar kasuwa ta gogu da kajin ƙauyuka goma, kuma ciwo yakan kwanta a jikinta kwanaki kafin ya nuna. Na sa ruwa a kasko, na watsa tsaki. Ko kallonsa ba su yi ba, suka cure a lungu suna haki.

Litinin

Da safe na tarar an taɓa tsakin kaɗan. Ashe suna ci, idona ne ba sa so. Na shimfiɗa tabarma a bakin zanar, na zauna ina tsince wake, ban dube su ba.

Wanda zai saba da kaza dole ya san inda tsoronta yake. Mutuwarta daga sama take zuwa, daga shirwa da shaho, saboda haka duk abin da ya tsaya a kanta ya miƙo hannu, maƙiyi ne a wurinta. Hannun da suka sani kuwa tun jiya shi ne wanda ya cafke su a duhu, ya ɗaure, ya ɗaga yana auna nauyinsu. Idan na tsaya, sai su watse. Idan na zauna ƙasa na ba su gefe, sai wuyansu ya sauko. Ja ce ta fara karkata kai tana leƙena da ido ɗaya.

Talata

Na tsayar da lokaci: bayan sallar asuba in gari ya yi haske, da kuma bayan la'asar. Kafin in watsa komai sai in ƙwanƙwasa ƙoƙo sau uku da yatsa, in kira su da murya ƙasa-ƙasa. Zanen da na ɗaura jiya shi na sake ɗaurawa. Ba abin da ya canza yau, sai dai Durgu ta sha ruwa ina zaune.

Laraba

Tsaki abinci ne, amma ba ya sa kaza ta manta da tsoro. Abin da ke sa ta haka gara ce. Da yamma na ɗauki tsohuwar tukunya mai tsagewa, na cika ta da busasshen kashin shanu da gutsattsarin karan dawa da ɗan tsumma, na yayyafa ruwa har ya yi damshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Na kai ta gindin dangar lambu inda gara ta yi hanya, na ɗan fasa bakin hanyar, na kife tukunyar a kai, na rufa mata tsohon buhu don kada rana ta busar da ita. Haka iyayenmu suke ciyar da ƴan tsaki da ƴan zabi, ba sisi ba kwabo. Abin lura ɗaya ne: ƙananan gara farare ake so. Zago mai jan kai da manyan haƙora yakan maƙale wa ɗan tsako a maƙogwaro.

Alhamis

Na ɗauko tukunyar tun rana ba ta yi zafi ba, domin da zarar ƙasa ta ɗumama gara takan koma ciki. Ta cika maƙil. Na ƙwanƙwasa ƙoƙo, na zazzage kaɗan kamu biyu daga inda nake zaune.

Ja ta yi tsaye, wuya a miƙe. Ta matso taku biyu, ta ja baya ɗaya, ta cafki guda ta ruga da ita lungu. Sauran na ganin tana haɗiya suka biyo ta a guje. Nan fa tsoro ya kau na ɗan lokaci, ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas na baki a ƙasa. Da garar ta ƙare suka ɗago, suka tuna ina nan, suka koma lungu.

Yau na ga tsarinsu. Fingi ce babba: inda ta sa baki ba mai sawa. Ja ke bi mata, sannan Wake-wake. Durgu ita ce mai shan tsattsaga, ko ta fara isa wurin abinci sai an kore ta. Daga gobe zan riƙa zubawa wuri biyu, ɗaya a bayan kaskon ruwa inda Fingi ba za ta iya tsare duka ba.

Juma'a

Bayan isha'i na shiga da fitila. Kaza ba ta gani sosai a duhu, tana kan kwana sai ka ɗauke ta ba gardama, muddin ka tallabo ƙirjinta da tafin hannu ka danne fukafukan a hankali. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ido garau, hanci ba majina, ƙashin ƙirji ba ya yankan hannu. Amma ƙarƙashin fiffiken Wake-wake da na Durgu ƙwari sun yi gida, ga fatar ta yi ja. Na goga musu toka mai sanyi har gindin gashi. Gobe zan zuba toka da rairayi a wani lungu don su riƙa birgima, in kuma cike tsagogin bangon akurkin da laka, domin a nan masu shan jininsu suke ɓuya da rana.

Gwaggo ce ta riƙe mini fitilar. Da muka fito ta ce, "Sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta." Na ce, "Haka ne, Gwaggo." Ban yi musu ba, don na san ranar suna ko ranar da baƙo ya sauka, ko ranar da za a nemi kuɗin magani, ɗaya daga cikinsu za ta tafi. Kaza ita ce asusun mace a ƙasar nan. Amma ban yarda cewa don ƙarshenta wuƙa ne, kwanakinta su zama na firgita ba. Kuma kazar da ke gudun mai ita, ba ya sanin ta kamu da ciwo sai ya tsince ta a mace.

Asabar

Ɗan ƙanena ya dawo daga gona da fara cike da gwangwani, ya faɗa cikin zanar da gudu don ya ba su. Suka tashi sama, Fingi ta bugi rufin akurki har gashi ya zuba. Da la'asar ko kusa da tabarmata ba su zo ba.

Na zaunar da shi kusa da ni. Na ce, "Babana, in wani ƙato ya faɗo maka ɗaki da gudu, ko da tuwo a hannunsa, za ka tsaya?" Ya ce a'a. Na nuna masa yadda zai cire wa fara ƙafafun baya masu ƙaya, ya jefa a hankali daga zaune. Na kuma ja masa kunne: kada ya tsinto matacciyar fara, ko wadda aka kamo a gonar da aka yi feshi.

Lahadi

Na koma kasuwa sayen dusa, na biya wurin mai yi wa dabbobi allura. Mun daɗe muna magana a kan ciwon ɗari, wanda likitoci ke kira Niyukasil. Alamunsa duk mun san su: kaza ta yi zugum, fukafukai a sake, zawo kore, numfashi da kurari, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa kallon sama. A garken da ba a yi wa rigakafi ba yana iya kashe kusan duka. Ya ce ba shi da magani in ya shiga, sai dai a tare shi tun kaza tana da lafiya, ko da allura ko da ɗigo a ido. Na ɗigon, wanda ake kira I-2, masana a Ostireliya ne suka samar da shi musamman don kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da sauran, amma sai an maimaita kamar duk wata huɗu. Kwalba guda ta kaji da yawa ce, kuma in an buɗe ba ta jira, don haka ya ce in tara maƙwabta. Mun tsayar da Alhamis.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Kurfai ƙasar alfahari da shanu ce. Ga Tukunus nan arewa da mu, tafiyar wajen kilomita 20, inda tun 1954 ake kiwon shanun Azawak ana zaɓen iri, madararsu da cukunsu sun yi suna har Yamai. Saniya tana da tasha da ma'aikata da littafin asali. Kaza kuwa, wadda ke sayen sabulu da littafin ƴan lakwal, ba a cika tunawa da ita ba sai an shiga tashin hankali, kamar a Fabrairun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya. Alhali ciwon ɗari kowace shekara yake zuwa, kuma dukiyar mata yake ci.

Litinin

Ja ta ci a hannuna.

Na ɗora bayan hannuna a ƙasa, gara a tafin, na kau da kai. Na daɗe a haka har hannun ya fara sanyi. Sai na ji saran farko, da ƙarfi, ta ɗauka ta ja baya. Na biyu ya fi sauƙi. Daga nan ta tsaya tana tsinta tsakanin yatsuna, ina jin ɗumin numfashinta. Wake-wake ta zo ta bayanta tana sata. Durgu ta zagayo ta gefen zanena, inda manyan ba sa isa, ta samu nata rabon a natse. Fingi tana nesa tana kallo. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira Gwaggo da raɗa ta zo ta gani.

Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kajin gida mafi daɗewa da aka tabbatar an same su ne a Tailan, na wajen shekara 3,500 da suka wuce, kuma masu binciken suna ganin noman shinkafa da gero ne ya jawo kazar daji daga kurmi zuwa bakin gidaje. Ke nan tun farko ba da tarko aka same ta ba, hatsi ta biyo.

Laraba

Labari mara daɗi daga unguwar gabas: wata mata ta wayi gari kajinta na faɗuwa. Ta jiƙa musu barkono da sassaƙen maɗaci, ta fasa musu kafso a ruwa, ba wadda ta tashi. Na hana yara shiga bayan rumbu, na ajiye takalmi dabam a bakin zanar. Na bi gida-gida ina tuna wa mata zancen gobe. Wasu sun ce ɗigon ne ke kashe kaji. Na gaya musu abin da mai allura ya ce: wadda ta riga ta kamu, ko an ɗiga mata za ta mutu, sai a ɗora wa rigakafi laifi. Wasu sun yarda, wasu sun ce sai sun ga yadda nawa za su yi.

Alhamis

Mai allura ya zo da sassafe, kwalbar a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na ƙwanƙwasa ƙoƙo, uku suka zo. Na ɗauki Ja ta ƙarƙashin ƙirji, ya ɗiga mata ɗigo guda, muka jira ta ƙifta ido ya shige, na sauke ta kan gara ta ci gaba da ci. Haka Wake-wake, haka Durgu. Fingi tun da duhu na kife ta da kwando, don na san ba za ta tsaya ba.

Na Gwaggo kuwa an riga an sake su. Yara suka yi ta kora, ƙura ta tashi, zakaran ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Guda biyu ba a kama ba har mutumin ya tafi. Da rana Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina. "Ɗiyata, wannan tukunya taki ta gara, ƙaƙa ake haɗa ta?" Ita da ta koya wa uwata. Na gane so take mu yi tare, na tashi na nemo wata tukunyar.

Lahadi

Wa'adin warewa ya cika, ba wadda ta nuna alamar ciwo. Na buɗe zanar da la'asar, kusa da lokacin kwana, don kada su yi nisa. An ɗan gwabza tsakanin Fingi da tsohuwar kazar Gwaggo, zakara ya shiga tsakani. Can sai inuwar shirwa ta gifta, zakaran ya yi ƙara mai tsawo, kowa ya nemi mafaka. Nawa uku ƙarƙashin rumbu suka shige. Da na ƙwanƙwasa ƙoƙo suka fito suka biyo ni har akurki. Fingi ta haye reshen bedi, sai da duhu ya yi na sauko da ita.

Ba na jin za ta taɓa ci a hannuna. Ta girma a wani gida, ban san abin da ta gani a can ba. Zan bar ta a yadda take, in dai tana shiga akurki da dare.

Litinin

Zankon Ja ya yi jawur ya cika, kuma da na kai hannu bayanta sai ta durƙusa ta buɗe fukafukai. Ƙwai ya kusa. Na sa fasasshen tulu a lungun akurki da ɗan rairayi da ƙaiƙayi, na daka ɓawon ƙwai da ƙonannen ƙashi na haɗa musu da dusa. In Allah ya kai mu damina, lokacin da zabi ke zuba, ita zan sa wa ƙwan zabi: nata kwana 21 ne, na zabi sai ta ƙara kusan mako guda a kai, kuma kazar da ba ta tsoron hannu ce ke barin a duba ƙarƙashinta ba ta fasa kwanci ba. Rigakafi na gaba zai faɗo wajen ƙarshen ɗari, na rubuta a bangon rumbu da gawayi. Garar gindin danga ta fara ja baya tun da tukunya ta zama biyu, gobe ni da yaron za mu duba wajen tsohuwar rijiya.